Ranar da Na Bi Hannun Agogo a Makokin Asante

Ina da injin niƙa a unguwar Maamobi, kusa da babban kwata, irin wanda mutanen nan ke kira nika-nika. Masarar masu dokunu, wato tuwon masara mai tsami, nake niƙawa, da geron masu koko, sai barkono da tumatir idan an kawo su da sassafe. Karatuna bai yi nisa ba. Na yi allo, na ɗan taɓa boko gwargwadon abin da zai sa in karanta saƙon waya. Amma Allah ya jarrabce ni da wani hali. Idan na gane abu ɗan ƙarami sai in ɗauka na gane duniya, kuma idan na ɗauki hanya ba na komawa baya ko da na ga ba ta ɓullewa. Matata ta sha gaya mini haka, ni kuma na sha yi mata bayanin inda ta yi kuskure.

Ɗan ƙaramin abin da na gane shi ne juyin wili. Injina yana da babban wili na ƙarfe wanda bel ke ja. Daga inda nake tsayawa ina tura masara, wilin yana juyawa yadda hannun agogo ke juyawa. Wata rana wata mai dokunu da ke zaune a benci ta ɗaya gefen ta ce ai saɓanin agogo yake juyawa. Muka yi ta gardama, masu jiran layi suna tsaki. Da na zagaya wurinta don in nuna mata wautarta, sai na ga gaskiyarta. Na komo wurina, na ga gaskiyata. Wili ɗaya ne, juyi ɗaya ne, amma ya danganta da gefen da mutum ya tsaya.

Daga ranar mutane suka shiga uku da ni. Idan aka ce in murɗa famfo dama, sai in ce daga wane gefe. Idan ladan ya ce fankar masallaci ta koma juyawa baibai, sai in ce ya hau kan rufi ya duba ta sama tukuna. Har yara suka daina yi mini tambaya.

Ɗana na fari yana gyaran firji a Adabraka. Ya ga wata yarinya da ke taya uwarta sayar da kayan masarufi a Kasuwar Malam Atta, suka daidaita. Musulma ce, ubanta ɗan Zongo ne, wato unguwanninmu na Hausawa, amma ya rasu tana ƙarama, ta tashi a hannun dangin uwarta, su kuwa 'yan ƙabilar Asante ne. A wurinsu, idan babu uba, maganar kawu ita ce magana. Kawun nan kuwa ya ƙi. Bai ce ɗana yana da wani aibu ba. Cewa ya yi ya san mutanen Zongo: za su ɗauke yarinya, su rufe ta a lungun da ko mota ba ta shiga, ba za ta ƙara zuwa makokin danginta ba, domin mu ba ma ganin al'adar kowa da gashi sai tamu. Da aka kawo mini maganar na yi fushi ƙwarai, na ce wannan ƙazafi ne. Ɗana kuwa ya rame. Ya daina cin abinci da mu, sai ya zauna a kan bokiti a tsakar gida yana kallon waya.

Ana nan sai kakar yarinyar ta rasu, wato uwar shi kawun. Suka ajiye ta a asibiti yadda suke yi har dangi suka taru, sannan aka sa ranar Asabar, a titin gidansu da ke bayan kasuwa. Kawun ya aiko cewa yana so ya ga uban yaron a wurin. Kowa ya gane abin da ake nufi. Idan na yi abin kirki, za a bar mu mu je ƙwanƙwasa ƙofa, wato neman aure. Idan ban yi ba, magana ta mutu tare da tsohuwa.

Ana gobe za a yi, bayan la'asar, ɗana ya jera bokitai da butoci da turmi a tsakar gida, gefe uku, ya bar baki ɗaya a buɗe. Ya ce wannan turmin na tsakiya shi ne kawu. Ya ce a wurinsu ba a tsallake kowa a je wurin babba, hannu ake bi ana bayarwa ɗaya bayan ɗaya.

"Baba, abu ɗaya kawai nake roƙonka," in ji shi. "Ka fara daga dama, ka zagaya saɓanin hannun agogo."

Na ce, "Daga wane gefe?"

Ya rufe ido na ɗan lokaci. Sannan ya shiga ɗaki ya sauko da agogon bango, ya kwantar da shi a tsakiyar bokitan, ya nuna mini yadda hannun ke tafiya, ya ce ni in bi ta inda hannun ke fitowa. Na tambaye shi, to da a kife ya ajiye agogon fa? Uwarsa ta leƙo daga kicin ta ce in tashi in zagaya bokitan nan sau ɗaya kawai, ba zai rage ni da komai ba. Na ce ni ba zan gaida buta ba. Na ce ina zuwa makokin Asante da na ƙabilar Ga tun ba a haife shi ba.

Wannan gaskiya ne, amma rabin gaskiya. Duk makokin da na taɓa zuwa, a ƙarshen layi nake, ina bin ƙeyar na gabana. Inda ya miƙa hannu nan nake miƙawa. Ban taɓa ɗaga kai na ga ta ina layin ya faro ba. Wannan karon kuwa ni ne gaba.

Na tara mutanen da za su cika ido. Akwai limamin unguwarmu, tsoho mai sanda, wanda gwiwoyinsa suka daɗe da gajiya. Akwai abokina mahauci, wanda muka yi allo tare. Akwai maƙwabta, kowa cikin farar riga da hula, don an ce mana makokin tsohuwa fari ake sawa. Matata ta biyo da nata matan a baya. Ɗana ya riga mu tafiya tun da safe, yana can yana ɗaukar kujeru da kwalaben lemo don a ga amfaninsa.

Mun isa bayan azahar. An tare titi, an kafa rumfuna gefe uku, daidai yadda ya jera bokitan. An riga an binne tsohuwa da safe, an kafa hotonta a tsakiya da furanni. Kiɗa yana tashi har ƙirji na rawa. Da mun tarar da wasu suna gaisuwa da na bi bayansu na tsira, amma muka faɗo daidai lokacin da fili ya yi wayam. Mai lasifika ya gan mu, ya sa aka rage kiɗa, ya sanar cewa ga manyan baƙi daga Maamobi. Duk ido ya dawo kanmu.

Can a rumfar tsakiya na hango kawun, dogo, baƙi, ya yafa zane ya bar kafaɗa ɗaya a waje, yana fuskantarmu. Na tsaya a bakin fili na yi tunani, kuma tunanin ne ya kashe ni. An ce in fara daga dama. To ni ina da dama, shi ma yana da dama, kuma tunda muna fuskantar juna, damarsa tana hagu da ni. A Zongo, idan ana rabon goro a wurin suna, ba damar mai rabo ake dubawa ba, wanda ke daman liman ake fara ba wa. Babba shi ke da dama. Wa ya fi girma a nan, ni mai nika-nika ko mai makoki? Na ji daɗin hankalina. Na gyara hula, na nufi hagu.

Mutumin farko wani tsoho ne mai farin gashi. Ya kalli hannuna kamar an miƙa masa kifin da ya kwana. Ya karɓa dai, da yatsu. Na matsa wurin na kusa da shi, sai na ji wani abu bai zauna ba. Hannuna na dama ne, ina kuma matsawa dama, don haka bayan hannuna ne ke fara isa gaban kowa, sai na murɗo shi sannan tafi ya samu. Kamar ina kore su ne ɗaya bayan ɗaya. Wata mata ta ɓoye hannunta a cikin zane. Wani ya ce wani abu, na kusa da shi suka yi dariya ƙasa-ƙasa.

Mahauci ya ja hannun rigata ta baya. "Kai, mutumina, kamar mun hau titi ta hannun da ba namu ba."

Na ce ya yi shiru ya bi ni.

Allah ya sani, tun ban yi nisa ba na gane na ɓata. A lokacin da na juya na ce a gafarce ni, da an yi dariya kaɗan an manta. Amma mai lasifika ya ce manyan baƙi, liman yana bayana yana dogara sanda, sai na ga komawa baya ya fi ƙarfina. Na ce a raina, ai da'ira ce, ko ta ina aka bi za a iso wurin kawu. Na ƙara sauri don abin ya ƙare da wuri.

Abin da ban lissafa ba shi ne ƙungiyar matan kasuwa. Marigayiyar busasshen kifi ta sayar duk rayuwarta, kuma abokan sana'arta sun iso bayanmu cikin anko, kowace da farin hankici. Su sun san hanya. Suka kama ta dama suna waƙa suna tahowa, mu muna tahowa ta hagu, kuma Allah da ikonsa ba mu haɗu a ko'ina ba sai a gaban kujerar kawu. Shugabarsu mace ce mai jiki, ta cika hanyar. Ta tsaya, na tsaya. Na bayanta suka taru a kanta, na bayana suka taru a kaina, har sandar liman ta soke ni a agara. Ta miƙa wa kawu hannu, ni ma na miƙa. Hannuwanmu suka gamu a gaban hancinsa, bai karɓi ko ɗaya ba.

Aka kashe kiɗa gaba ɗaya. Sai ga ɗana ya kutso da akwatin lemo a hannu, ya manta bai ajiye ba.

Ina jin yaren Asante na ciniki, amma a irin wannan wuri manya ba sa magana kai tsaye, sai ta bakin wani. Kawun ya dubi ɗana, ya ce ya tambayi ubansa ko a Maamobi da bayan hannu ake gaida masu makoki. Ɗana ya maimaita mini da Hausa, ya ƙara da nasa a hankali, cewa in ce a yi haƙuri kawai.

Kalma uku ce. Na buɗe baki zan faɗe ta, sai halina ya riga ni. Na ce ya gaya wa kawun cewa juyi ya danganta da gefen da aka tsaya. Na ce su da ke zaune a sama suna ganin na bi hannun agogo, amma marigayiya tana ƙasa yanzu, kuma wanda ke kallo daga ƙasa zai ga saɓanin agogo na bi. Na ce don haka a wurin wadda muka zo dominta, gaisuwata daidai take.

Na ji mahauci yana salati a bayana. Ɗana ya kalle ni irin kallon da ban taɓa gani a fuskarsa ba. Ba fushi ba ne. Kallon wanda ya gama lissafi ne ya ga babu abin da ya rage. Ya juya wurin kawun, ya rusuna da akwatin a hannu, ya ce da yarensu wai mahaifinsa ya tsufa, rana ta buge shi, yana ba da haƙuri ƙwarai.

Kawun ya girgiza kai. Sai ya yi magana da Hausa, irin tamu ta Zongo wadda ba ruwanta da mace ko namiji. Daga baya na ji cewa da ƙuruciya ya yi yaron mota a motocin da ke ɗauko shanu daga arewa.

"Ba haka ya ce ba, yaro. Na ji shi." Ya dube ni. "Baba Maamobi, uwana ya ga naka, ya gode. Saura mu da muke sama. Koma ƙofa ka fara namu."

Waɗanda ke jin Hausa suka fashe da dariya, suka fassara wa waɗanda ba sa ji, dariyar ta yi ta zagaya rumfunan. Shi bai yi dariya ba. Ya naɗe hannu a kan zanensa yana jira.

Na tsaya. Ƙofar tana da nisa, fili ne fetal, rana tana zafi, kuma sai na ratsa ta gaban duk waɗanda na gaisa baibai. Har na fara shirya wata amsa a raina, mai kyau ma, a kan yadda Larabawa ke rubutu daga dama. Abin da ya hana ni faɗinta shi ne wani ɗan ƙara da nake ji kusa da ni, ƙil-ƙil-ƙil. Kwalaben lemon ne ke bugun juna a hannun ɗana. A bayan kujerar kawun kuma na hango yarinyar, ta toshe baki da gefen mayafi.

Na cire hula na mayar, ban san dalili ba, na juya.

Liman ya ce shi gwiwarsa ta yi zagaye ɗaya, shari'a ta ɗauke masa na biyu. Wani ya tashi ya ba shi kujera a nan kusa da kawun. Sauran suka biyo ni, mahauci yana gaya mini a hanya duk abin da ya tara a kaina tun muna makarantar allo. Da muka iso ƙofa na tarar da matata tsaye da matanta. Ashe ba su bi mu ba tun farko. Da ta ga na nufi hagu sai ta tare su da hannu, suka tsaya suna kallo. Ta matsa gefe, ta nuna da haɓa, ta ce, "Bismilla, Maigida. Ga ta nan."

Na kama ta dama. Abin haushi, da na fara sai na ji hannuna yana faɗawa cikin na mutane da kansa, tafi yana gaba, babu murɗawa. Ashe dalilin ke nan, kuma da na zagaya butocin nan jiya da hannuna ya gaya mini abin da kaina ya ƙi ji. Mutane suka riƙa karɓa da fara'a, wasu suna riƙe hannun suna girgizawa fiye da kima. Mai lasifika ya sake sanar da manyan baƙi daga Maamobi, ya ce wannan karon sun iso. Matan kifi ba su gama ba, don haka sai da na bi bayansu a hankali, ina kallon ƙeyar ta ƙarshensu kamar yadda na saba.

Da na iso gaban kawun ya ba ni hannu. Ban tsaya ba, don zagaye bai ƙare a kansa ba. Na wuce na sake bin mutanen hagu ɗaya bayan ɗaya. Matar da ta ɓoye hannu ta fito da shi. Tsohon nan mai farin gashi, wanda na fara da shi ɗazu, shi ne na ƙarshe yanzu. Ya riƙe hannuna da nasa biyu, ya yi mini sannu da zuwa, ya tambaye ni ko hanya ta yi nisa.

Aka ba mu kujeru, aka kawo ruwa. Rigata ta manne da bayana. Ban san a al'adarsu masu gida ma suna tashi su rama gaisuwa ba, sai na ga kawun ya miƙe da danginsa, sun jero, sun faro daga damarsu. Ɗana yana tsaye can gefe wurin masu hidima, bai san inda zai sa kansa ba. Da kawun ya iso kaina sai ya tsaya, layin bayansa ya tsaya. Ya ɗaga hannu ya kira ɗana, ya ce ya ajiye akwatin nan haka, ya zo ya zauna kusa da ubansa. Da ya zauna, ya miƙa masa hannu kamar yadda ya miƙa wa kowane baƙo. Ɗana ya karɓa da hannu biyu.

Sannan ya sunkuyo wurina, ya rage murya.

"In mun gama kuka, ku zo ku buga ƙofa. Amma ka nemo wani tafinta, wannan yana ƙarya." Ya kalli yaron. "Don ubansa ya yi ƙaryar. Ku zo da shi, amma ya yi shiru. Kai ma ka yi shiru. Malam mai sanda ya yi magana."

Na buɗe baki. Matata, daga layin baya, ta sa yatsa ta taɓa kafaɗata.

Na ce, "To."